Hular Kwanon da Na Yi wa Gyaran Mota

Sana'ata bugun jikin mota ce, abin da ake kira fanal bita, kuma na tsufa ina yin ta a wata rumfa a Tudun Fulani. Boko aji uku na yi, na ukun ma rabinsa a bakin rafi na yi shi. Abu ɗaya na iya: in na ga ƙarfe ya lotsa, hannuna ƙaiƙayi yake yi sai na miƙar da shi. Matata ta daina barin tukwanenta inda zan gani.

Ina da maƙwabciya, wata Hajiya Banufiya 'yar Bida, ta ba ni kusan shekara goma. Ni kuma kakana daga Katsina aikin reluwe ya kawo shi Minna. To kun san tsakanin Banufe da Bakatsine. Ba ta kirana komai sai bawana, ni ma ba na raga mata.

Wata safiya ta shigo rumfar da abu ƙunshe cikin tsohon zane. Da ta kwance, na ga kwano mai faɗin baki, tsatsa ta cinye shi. Na ce in na shan miyar kifi ne, ya yi mata kaɗan. Ba ta rama ba, nan na san yau ba ranar wasa ba ce.

Ta ce hular babanta ce, da ita ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa. Ta je suna gidan ƙaninta ta tarar agwagi na shan ruwa a ciki, ta ɗauko. Ƙannenta maza biyu sun daɗe suna cewa tsohon bai taɓa ƙetare ruwa ba, kuku ne a bariki, hular ma ta 'yan reluwe ce ya tsinta. A gaban jikoki suke faɗa, a yi ta dariya. Ita so take kafin ta mutu ta rufe musu baki, ko kuma ta san ita ce aka yi wa tatsuniya.

Kwana uku na jiƙa hular a kananzir, na bi ta da buroshin ƙarfe da samfefa. A ƙarƙashin bakinta sai ga wasu haruffa da lambobi sun fito. Na kalle su, suka kalle ni. Allah ya taimaka akwai wani malamin jami'a daga Gidan Kwano da ba ya rabo da rumfata tun da matarsa ta fara koyon tuƙi. Ya ɗauki hoto, ya daɗe yana latsa waya, ya ce ta sojan Ingila ce, lambar kuma shekarar ƙira ce, ta faɗa daidai cikin yaƙin. Amma ya ce hula ana saye, ana tsinta. Wannan bai nuna inda kan mai ita ya je ba.

Ni dai rabin farko na riƙe. Daɗi ya kama ni, na ce bari in burge Banufiya. Akwai wani lotsattsen wuri a gefen hagu, zurfinsa babban yatsa zai shige. Na kifa hular a kan ƙarfen da nake bugu, na sa guduma. Wurin ya yi mini gardama, ina cikin bugu wani ɗan baƙin ƙarfe kamar ƙwayar dawa ya fito ya faɗi ƙasa. Na share shi da sauran dattin. Kafin azahar hula ta yi sumul.

Da ta zo, ta karɓa ta juya ta, tana lalube da yatsa. Ta sake juyawa.

"Bawana, ina ramin?"

Na ce na gyara mata, har ina washe baki. Ta nemi tsohuwar kujerar mota ta zauna. Ta ce tana ƙarama baban yakan kama yatsanta ya sa a wurin, ya ce nan mutuwa ta ƙwanƙwasa, Allah bai ba ta izinin shiga ba.

Na ce ai abu ne mai sauƙi, bugu biyu zan mayar mata da shi. Ta ce ba ta son ramina. Na ɓalle mayen ƙarfe daga wata tsohuwar sifika, na bi ƙasan rumfar ina neman ɗan ƙarfen nan. A rumfar fanal bita. Na tara kusan mudu guda, kowanne yana kama da ɗan'uwansa.

Abin da ya rage shi ne abin da hannuna ya ji. Na gaya mata lotsawar taɓarya ko faɗuwa faɗi gare ta, ba ta da zurfi, kuma ba ta musu da guduma. Wannan kuwa matsattsiya ce, ƙarfen ya miƙe ya yi tauri. Abu ne mai kaifi ya zo da gudun da hannun mutum ba ya yi. Ta ce to sai in tashi in je in faɗa musu da bakina.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka je gidan babban ƙanin nata, can wajen Kasuwar Kure. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wa yayarsa duk Minna ta rasa shaida sai mutumin da yake cika ruɓaɓɓiyar mota da fila ya ce sabuwa ce. Na ce wannan gaskiya ne, tasa ma haka na yi mata. Amma yau ban zo sayar da komai ba, ɓarnata na zo faɗa.

Ya karɓi hular yana jujjuyawa, ya tambayi ta ina ramin yake. Na ɗora yatsa. Ya nemi inda gabanta yake, ya kifa ta a kansa, ya kai hannu wurin, sannan ya cire ya taɓa saman kunnensa na hagu. Ya dubi yayarsa.

"Yaya, nan ne fa gashi ba ya fito wa Baba. Ni na ɗauka tabon ƙuruciya ne."

Hajiya tana ta murza bakin mayafinta. Ƙanin ya ɗora hular a cinyarsa, ya laluba aljihu ya ciro waya, ya fara neman lambar ƙaninsu.