Makunnin da Haggai Ya Ɗaura wa Injin 'Yarsa

Da asuba na iske Haggai a ƙofar shagona, riƙe da murfin tankin mai, yana lalubarsa da yatsu, don idonsa ya fara mutuwa. Ni mai walda ne. Shi tsohon makanikin sojan sama ne da ya dawo Zuru, shi kaɗai a gida tun rasuwar matarsa.

Yana saurayi aka tura shi kwas ƙasar waje. Can ya ga jirgi yana ɗura wa jirgi mai a sararin sama ta wata doguwar tiyo. Abin da ya zauna masa a rai shi ne 'yar na'urar da ke bakin tiyon: da ta ji jiragen sun rabu, sai ta datse man. In ya ba da labarin a majalisa dariya ake yi, har ya daina zuwa.

'Yarsa Keziah tana da injin niƙa a Manga. Injin yana da wuyar tashi, shi ya sa ba ta kashe shi in za ta zuba fetur. Kowa haka yake yi. A 2005 wuta ta cinye wata mai niƙa a Ribah ta wannan hanyar. Sai Haggai ya ciro makunnin ƙofar tsohon firij, na yi masa waldar mazauni a jikin murfi. Ka buɗe tanki, inji ya mutu.

Na goya shi a babur muka je. Ya ɗaura abin da lalube, mata suna jira da kwanonin dawa.

Keziah ta ce, "Baba, in ya mutu wa zai ja igiya? Kai?"

"Ni."

"Da wannan kafaɗar? Kana juya baya zan cire shi."

Haggai ya gama ɗaurawa. Ya buɗe murfin, injin ya yi shiru, mata suka hau tsaki. Ya bari ya huce, aka zuba mai. Ya naɗa igiya ya ja, ya ja, gumi ya jiƙa masa riga, sannan injin ya kama.

Ya ce mini, "Koma, Arzika. A aiko mini da tabarmata."

Bayan wata guda na bi ta wurin zan tafi aiki Kanya. Makunnin yana nan. Haggai yana zaune kan benci gefen injin, gari ya rufe masa kai, ba mai yi masa magana. Aka buɗe tanki za a zuba mai, injin ya yi shiru, Haggai ya miƙe yana laluben igiya.