Jiƙon da nake zuba wa zogale

Shekarun baya, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a maza suka shiga tsayar da gemu, mijina kaɗai ne a layinmu a Gwarzo nasa ya ƙi fita. Abokansa na tsokanarsa, "Malam, kai yaushe za ka raya sunna?" Ni kuwa ko a jikina. Dogo ne, fuska sumul, murya a tausashe, irin samarin da nake karantawa a littattafan soyayya. Har waƙa na taɓa rubuta masa, Allah ya yafe mini.

Shekara biyar ba haihuwa. Duk Juma'a surukata takan taho daga Kabo da galan na jiƙo mai ɗaci, ba ta tashi sai na shanye kofi guda a gabanta.

Da muka gaji, na sayar da keken ɗinkina muka tafi asibiti a Kano. Aka duba ni, lafiya lau. Aka ɗebi jininsa. Bayan makonni likita ta zaunar da mu, ta ce cikin ƙwayoyin halittar da ke bambanta namiji da mace, shi an haife shi da ƙarin guda ɗaya. Shi ya hana gemu, shi ya hana haihuwa. Ba laifin kowa ba ne.

A mota, da muka kusa gida, sai ya ce, "Don Allah ki rufa mini asiri. In kuma takardarki kike so, zan ba ki." Na ce ba na so. A littafi nan ake rufe labari. Mu kuwa Juma'a ta sake zagayowa.

Na ci gaba da shan kofina, ragowar in tuttule a gindin zogale. A gidan suna ni ake nunawa da baki.

Wata rana surukata ta kama ni ina zubarwa. Ta dube ni ta ce, "Zubar, 'yar nan. Tun mijinki yana saurayi na lura da lalurarsa. Ina kawowa ne don mutane su ga ina kawowa."

Na ce, "To ni fa, Inna?"

Ta ɗauki galan ta shiga ɗauraya.

Muna tare har yau, da izininsa ma nake rubuta wannan. 'Yar ƙanwata muka riƙa har muka aurar. Ban yi nadama ba, na dai gaji da wuri. Littattafan nan sun koya mini yadda ake cewa ba zan rabu da kai ba, amma ba su faɗa mini Juma'a nawa ke biyo baya ba. Inna ta rasu ba ta ba ni amsa ba.