Ranar da Zauren Kare Talaka Ya Kori Maigadinmu

Ko zan manta komai na zamana a Doha, ba zan manta ranar da aka kore ni daga zauren 'yan gwagwarmaya ba, ni da mutumin da muke cewa dominsa muke gwagwarmayar.

Lokacin kullen korona na shiga zauren. Ina aikin injiniya a wani kamfanin gas, ina zaune a Al Wakrah, wani gari dab da Doha, ba fita, ba ziyara, sai latsa waya. Wani abokin karatuna ya saka ni a wani guruf na 'yan Arewa masu ra'ayin kare talaka, yawancinsu a Ingila da Kanada da Abuja. Kowa sunansa Kwamared. Da farko na ji daɗin wurin, don akwai masu ilimi, kuma abin da suke faɗa kan zaluntar ma'aikata gaskiya ne. Sai dai wurin akwai dokoki. Ka ce "lebura", a ce ka wulaƙanta ma'aikaci. Ka ce "talakawa", a tambaye ka kai ɗan waye da za ka yi magana da yawunsu. Kusan duk mako sai an sa wani ya rubuta ban haƙuri, in ya gama kuma a cire shi. Ni ma na sha goya musu baya, Allah ya yafe mini.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, hira ta koma kan Qatar kacokan. Sai na ga ina da abin burge su: maigadin gininmu, wani magidanci mutumin Gusau, mai 'ya'ya biyar a gida, wanda ke wuni a tsaye bakin ƙofa. Na ce masa, "Malam, akwai masu kare haƙƙin ma'aikata irinku. In saka ka?"

Ya ce, "Saka ni, ranka ya daɗe. Dama ina da tambaya."

An yi masa maraba kamar ango. Sai ya turo saƙon murya da Hausarsa ta Zamfara. Wani kamfani ya yi masa tayin aikin da ba tsayuwar rana, yana son barin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya ji an ce doka ta yarda yanzu, amma bai san ta inda zai fara ba, ga shi tayin ya kusa wucewa. Kwana uku ana tafka muhawara da Turanci kan ko ya dace ɗan gwagwarmaya ya furta kalmar kafil. Ba wanda ya amsa masa. Har ni.

Ran Juma'a, ranar hutunsa, ya je Asian Town, matattarar ma'aikata baƙi, kallon wasa a babban allo. Ya turo hotonsa tsakanin 'yan Nepal da 'yan Kenya, ya yafa tutar Senegal, baki har kunne, ya rubuta, "Yau kam mun sha daɗi." Bai san zauren ya riga ya yanke cewa a ƙaurace wa gasar ba. Nan take wuri ya kama da wuta. Wata Kwamared daga Kanada ta ce yana wanke azzalumai da murmushinsa. Wani ya ce irinsu ne ke mayar da gwagwarmaya baya.

Maigadin ya amsa mata da murya, a hankali: "Hajiya, wahala akwai ta, ƙafafuna sun shaida. Amma kwana ɗaya nake da shi a mako. Kuka kuke so in yi a ciki?"

Ko minti biyar ba a yi ba aka cire shi. Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na rubuta, "Jama'a, shi ne fa ma'aikacin!" Shugaban zauren ya ce mai cin kuɗin gas ba shi da bakin magana, ni ma ya yi waje da ni.

Washegari na sauko ina jin nauyin haɗa ido da maigadin. Yana hango ni ya fashe da dariya. "Ranka ya daɗe, kai ma an sallame ka? Khalas, shi ke nan, mun huta!"

Na tambaye shi batun aikin. Ashe a wurin kallon, lokacin hutun rabin wasa, wani maigadi ɗan Uganda ya karɓi wayarsa ya nuna masa yadda ake shigar da sanarwar sauya aiki. Abin da ya rage mini kawai shi ne in kai shi ofishin sabon kamfanin a unguwar Mushairib. Na kai shi, ya kuma samu aikin.

Har yau ina tare da duk mai cewa a daina zaluntar ma'aikaci. Amma na koyi cewa in mutum ya zo maka da tambaya, ka fara amsa masa kafin ka gyara masa baki. In kuwa ka ga kana korar wanda ka ce kana karewa, to kanka kake wa hidima, ba shi ba.