Gicciyen ƙauyen su Lurwanu

Duk wanda ya san Lurwanu kafinta a unguwar Al-Sih ta Madina ya san mutum ne mai hannu. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na sha gaya masa cewa bakinsa bai kai hannunsa amfani ba, don sai ka yini a shagonsa bai ce maka ci kanka ba, yana ta fitar da furanni a jikin ƙofofin mutane.

Ba a Madina aka haife shi ba. Daga wani ƙauyen Hausawa Kiristoci yake, a kudancin Katsina. Mahaifinsa masassaƙi ne, ɗan Katolika, shi ya sassaƙa gicciyen da ke kusa da bagaden cocinsu, wato teburin ibada, da siffar Yesu a jiki. Lurwanu ya koyi riƙe gizago a wurinsa, daga baya ya musulunta, aiki ya kawo shi nan, ya auri Khalida, haifaffiyar garin. Tsohon ya rasu, saura mahaifiyarsa, Inna.

Bara gara ta cinye siffar. Inna ta kira shi ta waya ta ce kaf ƙauyen babu wanda ya gaji hannun mahaifinsa sai shi, in ya zo hutu ya sassaƙa musu wata.

Nan fa Lurwanu ya shiga tsaka mai wuya. Ya tambayi wani malami a Uhudu, aka ce ya bi uwarsa da alheri a komai, ban da wannan. Khalida ma ba ta ja zance ba: “Khalas, shi ke nan, ka ce mata mamnu'u ne, an hana, za ta gane.” Ita da ba ta taɓa ganin coci ba, abin da sauƙi a bakinta.

Shi kuwa sai ya yi dabara irin ta wanda ya daɗe da barin gida. Ya ce wa Inna zai fere katako biyu na maɗaci ya ba su, su haɗa da kansu, babu siffa. A ganinsa ya raba gardama. Ya manta cewa a wurinsu katako tsirara bai isa ba.

“Fada, limamin cocinmu, ya ce wanda za a sa kusa da bagade sai da siffar a jiki, yadda kowa zai gani,” in ji Inna. “Katako muna da shi, ɗana. Ba shi muka rasa ba.”

Ina zaune a shagon ranar, ya buɗe muryar wayar, ina jin komai. Ya ce, “Inna, ba zan iya ba.”

“Ka manta ne?”

Da ya ce ya manta, da ta haƙura. Amma Lurwanu ba ya ƙarya, abin da ke ba ni haushi da shi ke nan wani lokaci. Ya ce bai manta ba, ko da ido rufe zai fitar da siffar.

Sai ta ce ba komai, za a sayo ta roba a birni. Ta tambayi lafiyar yara, ta kashe.

Wallahi ya ba ni tausayi. Bai yi nadamar addininsa ba, kuma bai ga laifin tsohuwar ba, sai dai ya rasa inda zai sa kansa. Hutunsa ya zo ya wuce bai je ba, wai aiki ya yi yawa. Inna tana kira duk Lahadi in ta dawo daga coci, su gaisa, ta tambaye shi zafin Madina. Tun daga ranar ba ta sake tambayarsa yaushe zai zo gida ba.