Jarkar Ruwan Rini daga Sabon Gari

Zan iya manta komai na zamana a Samaru, ban da makon da ruwan rini ya kusa cinye mini digiri.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikina a kan tsabtace ruwan da marina ke zubarwa a kwata. Wata huɗu na yi ina haɗa wani abu mai kama da kokon da ya kwana ya daskare, cikinsa ƙwayoyin azurfa da ido ba ya gani. In aka jefa shi cikin ruwan rini aka ƙara ɗan magani, azurfar ke hanzarta aikin, launin ya mutu. A ruwan da na haɗa da kaina ya yi aiki sarai. Sai malamina ya ce mai jarrabawa zai zo nan da kwana shida, kuma sakamakon ruwan marina na gaske zai nema.

Na tafi Sabon Gari wurin wani dattijo mai rinin shadda. Kunya ta hana ni furta "kwata" a gabansa, na ce kawai a cika mini jarka da ruwan rini. Washegari na ɗauka a rufe.

Na yanka abin da na haɗa gida uku, na jefa yanki na farko. Awa uku, ruwa ko gezau. Na biyu ma haka. Saura yanki ɗaya tal, azurfar kuma ta ƙare a ɗakin gwaji. Ina ta tunanin da wane baki zan gaya wa mahaifiyata sai baɗi zan gama karatu.

Saura kwana biyu na koma wurin dattijon, na daure na ce, "Baba, daga wace kwata aka ɗebo ruwan nan?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kwata? 'Yata, ki taso tun daga jami'a in ba ki ƙazanta? Sabon haɗi na dama miki, mai kauri, ko ƙyalle bai taɓa ba."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na tsuguna bakin kwatar na ɗiba da kaina, yana tsaye yana ta salati. Na koma ɗakin gwaji na jefa yankin ƙarshe. Kafin la'asar ruwan ya washe.

Tun ranar, abin da nake nema nakan kira shi da sunansa komai muninsa. In ka yi wa mutumin kirki kwana-kwana, mafi kyawun abinsa zai ba ka, ko da shi ne zai kayar da kai.