Dokar Baba a Gidan Suruki

A zangon Sokode inda na tashi, ba a bakin jandarma, wato ɗan sanda, na fara jin kalmar doka ba, a bakin Baba na ji ta. Mahauci ne, ƙato, mai muryar da ake jiyowa daga bakin titi, amma ba shi da yawan hane-hane. Kina iya fasa masa randa ya bushe da dariya. Dokarsa guda ce tak, kuma har akuyar gidan ta san ta: a gidansa namiji ba ya cin abinci shi kaɗai.

In an kai tire zaure, sai ya wanke hannu ya tsaya yana kallon ƙofa. Abokansa mahauta su shigo, sannan ya leƙa waje ya kwaso duk wanda ya gani. Direban da motarsa ta mutu a hanyar Sotouboua, mai doya da ya rasa motar komawa ƙauye, duk sai sun sa hannu. Inna ta yi ta mita a madafa tana ƙara gari a tukunya, wai ita ba ta auri mutum ba, tasha ta aura. Mu mata muna cin namu a tsakar gida, muna jiyo shi yana cewa, "Wane, ai ba ka ci komai ba," alhali wanen ya kusa fashewa.

Aure ya kai ni Dapaong. Maigidana magatakarda ne a kotu, kuma shi in ya ce doka, abin da gwamnati ta rubuta yake nufi, ba ragi ba ƙari. Mutumin da ko burodi zai sayo a bakin layi sai ya ɗaure hular kwano kafin ya hau babur! Nakan tsokane shi in ce wata rana har banɗaki zai shiga da ita. Sai ya yi murmushi kawai. Ga shi da kunya kamar ita ta haife shi. In mun je Sokode, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba, idonsa a ƙasa har a gama gaisuwa. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

Bayan rasuwar Inna ne hawan jini, tansiyo kamar yadda muke cewa, ya kayar da Baba a kasuwa. Allah ya tashe shi, sai dai ƙafar hagu ta yi nauyi. Likita ya kafa masa tasa dokar: ba gishiri, ba kitse, ba jan nama. Mahauci fa! Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi likitan ko an bar masa iska ya shaƙa.

Matsalar ita ce mahautan Sokode ba su san wata hanyar nuna ƙauna ba sai ta nama. Kowa zai zo dubiya da balangu a takarda, ya ɓoye a cikin riga. Ƙannena maza kuwa ba wanda ke iya ce wa Baba a'a. Na zo na tarar da shi yana tsotsar ƙashi, ƙafafunsa a kumbure, tsofaffin mahautan nan sun kewaye shi suna ta yi masa sannu. Ranar na yi faɗa har muryata ta dushe, ban bar babba ba, ban bar yaro ba. Na haɗa masa kaya na sa shi a mota, muka hau titin arewa. Har muka wuce Kara bai ko kalle ni ba.

A Dapaong na gyara masa ɗakin baƙi, mai ƙofa wajen bishiyar mangwaro. Na bi dokar likita sau da ƙafa. Zabuwa nake saya in cire fatar, in zuba daddawa da citta da tafarnuwa yadda miyar za ta yi ƙamshi ko ba gishiri. In kai masa tuwo da zafinsa. In na dawo ɗaukar kwano sai in tarar ya ɗan gutsiri gefe ya rufe. Ya ce ya ƙoshi, Allah ya yi mini albarka.

Ina kallo mutumin nan ya fara zubewa. Rigar da a da take kama shi a kafaɗa ta koma tana yawo a jikinsa. Muryar ma ta tafi. Likitan da ke duba shi a Dapaong ya ce maganin ba ya aiki a cikin da babu komai, in aka ci gaba a haka sai an ba shi gado. Na tsorata ƙwarai. In na mayar da shi Sokode zai ci, amma nama zai ƙarasa shi. In na riƙe shi a nan, yunwa ce za ta yi aikin, a gidana, a hannuna.

Da farko na ɗora wa gishiri laifi. Sai wata rana na ajiye masa kwano, na tsaya kwashe shanya a bayan taga. Na gan shi ya wanke hannu, ya gyara zama, ya zuba wa ƙofa ido. Ya daɗe a haka, hannun na ɗigar ruwa har ya bushe. Sannan ya ja murfi ya rufe kwanon.

To, wa zai ci da shi? Ni mace ce, kuma 'yar fari, ko sunana ba ya faɗa. 'Ya'yanmu duk mata ne. Na ce masa bari in kira dattijon da ke maƙwabtaka da mu, mutumin kirki, su riƙa ci tare. Ya ɗaure fuska, ya ce ashe so nake in kunyata shi, ya gayyaci baƙo gidan da ba nasa ba, a kan miyar lami. Namiji ɗaya ya rage a gidan, shi ne maigidana, kuma kowa ya san suruki ba ya haɗa kwano da uban matarsa. Wannan dokar ba wanda ya rubuta ta, ba wanda zai ce ga ranar da aka kafa ta, amma ban taɓa ganin wanda ya taka ta ba. Ni kaina ko a mafarki ban kawo ta a raina ba.

Na dai zazzage wa maigidana abin da ke cikina, ina kuka ina faɗa. Har na ce masa ina amfanin tarin littattafan dokar da ya cika mana ɗaki da su, tunda babu wanda zai sa tsoho ya haɗiyi loma. Ya yi ta juya hular kwanonsa a hannu, haushi ya ƙara kama ni.

Washegari da azahar sai na ji ƙarar babur ɗinsa, shi da ba ya dawowa sai yamma. Na riga na kai wa Baba abinci. Ya ajiye hular, ya tuɓe takalmi tun daga gindin mangwaro, ya ɗauki buta. Na bi shi da ido har ƙofar ɗakin. Ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kullum, amma bai tashi ba. Ta taga ina ganin gumi na bin ƙeyarsa.

Ya ce, "Baba, an ce mini kana da doka, ba a barin namiji ya ci abinci shi kaɗai."

Baba ya ce, "A gidana ke nan, Malam. Nan ba gidana ba ne."

"To ni dai tun da na yi aure ni kaɗai nake ci," in ji maigidana. "Na kawo ƙara."

Baba ya juya fuska wajen bango. Na fara addu'a ƙasa ta tsage maigidana ya shige, don na san in aka kore shi ba zai ƙara iya haɗa hanya da Baba ba. Shi ma Baba na san abin da ke yaƙi a ransa, domin mutum ne da ya girma da kunyar surukai, bai taɓa wasa da ita ba.

Can sai na ji ƙarar kwano a kan siminti. Baba ne ya tura shi tsakiya da bayan hannu, bai juyo ba.

Haka suka ci, ɗaya na kallon bango, ɗaya na kallon ƙofa, hannuwa kawai ke haɗuwa a kwano. Maigidana, da ke son gishiri kamar saniya, yana ta haɗiyar lami da kyar. Na koma madafa na zauna a kan turmi, na toshe bakina da gefen zane don kada su ji ni.

Daga nan ne na jiyo muryar. Ba ta kai ta da ba, amma ita ce, irin ta zauren Sokode.

"Malam, ai ba ka ci komai ba."

Kwanon ya dawo mini a sharce. Washegari na ƙara gari a tukunya, ina mita ni kaɗai kamar Inna, ina share hawaye da bayan hannu.