Dattijon da Ya Hana a Kai Ɗakin Tiyata Saman Bene

Ƙarfe bakwai na safe yana bakin ginin da zai duba, tun masu shara ba su ajiye tsintsiya ba. Jaka ɗaya ce a kafaɗarsa, a ciki akwai tocila da ƙaramar guduma da tef na awo da littafi. Ba ya fara shiga ta babbar ƙofa, sai ya zagaya baya tukuna, wai gaba kwalliya ce, baya ke faɗin gaskiya. Daga nan ya hau rufi, ya sauko yana ƙwanƙwasa bango ɗaki bayan ɗaki, ya buɗe famfuna duka lokaci guda ya tsaya yana kasa kunne. Aikinsa ke nan shekara talatin da huɗu: duba gine-ginen ofisoshi da na asibitoci kafin a saya ko a buɗe, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu ko ya ƙi. Juma'ar nan zai yi ritaya, ni kuwa na rantse ba zai tafi shiru ba!

Kowa Baba Sai-Na-Gani yake ce masa, domin ko ka rantse masa da Allah cewa an gyara abu, amsarsa ke nan. Wata sakatariya ta ba ni labarin ranar da ya tarar da ƙofar gudun gobara ta ofishinsu an garƙame ta da kwaɗo, an kuma jibge fayiloli a gabanta. Bai yi faɗa ba. Kujera ya jawo ya zauna a wurin, ya ce ba inda za shi. Kafin awa guda manaja da kansa ke jidar fayiloli yana gumi.

Ni dai ba ji na yi ba, a kaina aka yi. Yayata likita ce, ta yi shekara goma tana burin buɗe ƙaramin asibitin haihuwa nata na kanta. Ta sami wani tsohon ginin ofis mai hawa biyu, aka yi fenti, aka sa ranar buɗewa, aka gayyaci jama'a. Ɗakin haihuwa a ƙasa, ɗakin tiyata a sama, domin can ne ya fi haske da shiru. Abin da ya rage kawai sa hannun Baba, in babu shi kuwa babu buɗewa.

Ya zo ya yi zagayensa, mu kuwa muna bin sa a baya da murmushi. Da ya kai gindin matakala sai ya tsaya.

"Likita, ina gadon ɗaukar marar lafiya?"

Aka kawo. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya sauka a kan tumbina.

"Kai, ɗana, hau ka kwanta. Kai ka fi kama da mai wata tara."

Dariya ta ɓarke, har da Yaya. Na kwanta, ƙarti huɗu suka ɗauke ni suka nufi sama. Muna isa kwanar matakala sai gado ya ce ba da shi ba. A yi dama, bango. A yi hagu, ƙarfen dafawa. Suka ɗaga kan gadon sama don ya juya, ni kuwa na fara sulalowa ina salati, takalmina ɗaya ya riga ni sauka. Baba yana tsaye da agogo a hannu, bai ko motsa ba.

"Minti shida," in ji shi, "kuma ba ku kai ba. 'Yata, ofis da ƙafarsa mutum yake shiga. Asibiti a kwance ake shigo da shi. Wanda ya yi wannan matakalar bai yi laifi ba, don masu ɗaukar jaka ya yi ta."

Dariyar Yaya ta ɗauke. "Haba Baba! Saura kwana tara fa. Ka sa hannu, na yi maka alkawari za mu gyara daga baya."

"Sai na gani," ya ce, ya mayar da biro aljihu.

Ranar Yaya ba ta bar masa komai ba a bayan idonsa, ni ma na taya ta, ban ɓoye ba. Muka ce tsohon nan mugu ne, ba ya son ci gaban yara. Aka ɗage buki, aka fasa bango, aka sauko da ɗakin tiyata ƙasa, ƙofa da ƙofa da ɗakin haihuwa. Mako shida aka yi ana shan ƙura. Sau uku yana dawowa ba wanda ya kira shi, har sai da ya ga an faɗaɗa ƙofar, gado ya wuce ba ya gogar komai, sannan ya sa hannu.

Bayan wata goma sha huɗu, da tsakar rana, matata tana naƙuda a wannan asibitin jini ya ɓalle mata. Ina tsaye a baranda na ji Yaya ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba: "Ku turo ta, yanzu!" Gado ya fito ta wannan ƙofa ya shige ta waccan, ko ƙiftawa ban gama ba. Na juya na kalli matakalar nan, na zauna a ƙasa. Da Yaya ta fito ta cire abin rufe baki, ta ce uwa da 'ya suna lafiya, sannan ta ƙara da cewa da an ƙara minti biyar da wani zancen ake yi.

Baba, kai ne ka ga matata a kwance tun tana tafiya da ƙafarta. Kai ne ka yarda mu zage ka mako shida don kada mu yi kuka shekara da shekaru. Dattijo mai idon gani, ba a taɓa rubuta sunanka a jikin gini ba, amma mutane nawa ne suke kwana lafiya a gidajensu yau ba su san da hannunka a ciki ba?

Na je har ofishinsa yi masa godiya, na kwashe labari kaf na faɗa masa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Alhamdu lillahi. To, tukunyar kashe gobarar da ke bakin ƙofa, an sake cika ta kuwa?" Ka ji mutum!

Ku masu tasowa a wannan aiki, don Allah ku yi koyi da shi: ku hau rufin, ku buɗe famfon, kada ku sa hannu a kan abin da idonku bai gani ba, ko da za a tsane ku. Kai kuma Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Mun gode, mun gode. Yarinyar ta fara tafiya makon jiya, uwarta ce ke riƙe da hannunta.